A KAWO SHI GABAN ALƘALI: TARIHIN TAKARDAR DA KE BUƊE ƘOFAR KURKUKU

Yau tarihi za mu taɓa, tarihin wata 'yar takarda da alƙali ke aika wa duk wanda ya tsare mutum, sarki ne ko gwamna ko soja ko ɗan sanda. Lauyoyi na kiranta da sunanta na Latin, habiyas kofus, ma'ana ka zo da jikin mutumin. Mu a nan za mu riƙa ce mata umarnin a-kawo-shi, tunda abin da take faɗa ke nan.

Abu biyu kacal take nema. A fito da tsararren a kawo shi kotu da ƙafarsa, sannan wanda ya tsare shi ya nuna dokar da ta ba shi ikon yin haka. Ba ta tambayar ko mutumin ya aikata laifi ko bai aikata ba, wannan sai ranar shari'a. Idan hujjar tsarewar ta tsaya, a mayar da shi ko a ba da belinsa. Idan ba ta tsaya ba, a sallame shi nan take. Kuma da yake wanda ke kulle ba ya iya zuwa kotu, matarsa ko ɗan'uwansa ko abokinsa na iya nema a madadinsa.

ASALINTA A INGILA

Yawanci ana fara wannan tarihi ne daga 1215. A watan Yunin shekarar, manyan hakiman Ingila da suka gaji da harajin Sarki John da ƙwacensa suka yi masa bore, suka tilasta shi ya buga hatiminsa a kan wata yarjejeniya a filin Runnymede. Ita ce Magna Karta. Sashe na 39 ya hana a kama ɗa, ko a ɗaure shi, ko a ƙwace dukiyarsa, ko a kore shi daga ƙasa, sai da hukuncin tsararrakinsa ko bisa dokar ƙasa. Mu lura da kalmar ɗa. Yawancin manoman Ingila a lokacin barori ne a gandun iyayen gidansu, alƙawarin bai haɗa da su ba. Yarjejeniyar ma ba ta cika wata uku ba Fafaroma ya soke ta bisa roƙon sarkin, sai bayan mutuwarsa a 1216 aka sake fito da ita.

Magna Karta ba ta ambaci umarnin a-kawo-shi ba. Shi asalinsa kayan aikin sarki ne, alƙalansa ke amfani da shi su jawo mutum gabansu, ko su karɓe shari'a daga hannun ƙananan kotuna. Hujjarsu ita ce sarki na da haƙƙin sanin dalilin da ya sa aka kulle talakansa. An ɗauki kusan shekara 400 kafin wasu su juya wannan tambaya su yi wa sarkin kansa.

A 1627 Sarki Charles na Ɗaya yana neman kuɗin yaƙi, majalisa ta hana shi, sai ya ɗora wa masu hali rancen dole. Waɗanda suka ƙi biya, fiye da mutum 70, aka kulle su ba tuhuma. Biyar daga cikinsu, duka masu sarautar barde, har da Thomas Darnell, suka nemi umarnin a-kawo-shi. Da kotu ta tambayi dalilin tsare su, amsar da aka kawo ita ce umarni ne na musamman daga sarki. Alƙalai suka karɓi wannan amsa, suka mayar da su kurkuku.

Wannan ita ce dabara ta farko da za mu riƙa cin karo da ita: umarni ne daga sama, ba sai an faɗi dalili ba. Majalisa ta fusata. A 1628, bisa jagorancin tsohon alƙali Edward Coke, ta miƙa wa sarki takardar koken haƙƙi wadda ta ce ba a kulle kowa ba tare da an bayyana dalili ba. Sarki ya amince don yana matse, shekara na zagayowa ya rushe majalisar, ya yi shekara 11 yana mulki babu ita. Rigimar ta kai su ga yaƙin basasa, aka fille masa kai a 1649.

Duk da haka masu riƙe da makullai ba su rasa hanya ba. Gandiroba ya karɓi takardar kotu ya ajiye ta har sai an aiko ta biyu da ta uku. Ko a riƙa sauya wa mutum kurkuku don kada takardar ta same shi. Mafi muni, a saka shi jirgin ruwa a kai shi wani tsibiri kamar Jersey, inda ake ganin hannun alƙalan Landan ba ya kaiwa. Ga dabara ta biyu ke nan: a kai shi inda kotu ba ta da iko.

Dokar 1679, zamanin Charles na Biyu, ta zo ne don toshe waɗannan ɓarakoki, kuma da lissafi ta yi magana. Idan kurkukun bai wuce mil 20 daga kotu ba, a kawo mutum cikin kwana 3. Zuwa mil 100, kwana 10. Fiye da haka, kwana 20. Gandiroban da ya ƙi, tarar fam 100 a karon farko, a karo na biyu fam 200 da rasa aiki. Alƙalin da ya ƙi ba da umarnin lokacin hutun kotu, tarar fam 500. Ta hana a sake kulle wanda aka sallama a kan tuhuma ɗaya, ta kuma hana fitar da fursuna ƙetare. Masu dokar sun gane cewa haƙƙin da ba a yanka masa wa'adi da tara ba, gandiroba ba zai ji tsoronsa ba.

Wanda ya nuna nisan da takardar za ta iya kaiwa ɗan Afirka ne, James Somerset. Wani jami'in kwastan mai suna Charles Stewart ya sayo shi bawa a Amurka, ya zo da shi Ingila a 1769. A 1771 ya gudu, aka kamo shi, aka ɗaure shi cikin jirgin ruwan da zai tafi Jamaika don a sayar da shi. Wasu mutum uku da suka tsaya masa suka nemi umarnin a-kawo-shi, aka sauko da shi daga jirgi. Ranar 22 ga Yuni, 1772, Babban Alƙali Mansfield ya ce babu wata doka a Ingila da ta ba ubangida ikon fitar da bawansa daga ƙasar da ƙarfi, don haka a sake shi. Hukuncin bai kawo ƙarshen bauta ba, sai 1833 aka yi dokar soke ta a ƙasashen da Birtaniya ke mulka. Amma alƙawarin da hakimai suka yi wa kansu a 1215 ya kai ga mutumin da ake lissafawa cikin kayan wani.

YADDA TA ISO NAJERIYA

Turawa sun shigo mana da dokarsu ne don sauƙin mulkinsu, umarnin a-kawo-shi kuma ya biyo ta. Shari'ar da ta fi shahara a kansa a zamanin mulkin mallaka ita ce ta Sarkin Legas, Eshugbayi Eleko. A 1920 Herbert Macaulay ya je Landan riƙe da sandar sarautar Eleko, ya yi wa 'yan jarida maganganun da suka ɓata wa gwamnati rai. Gwamnati ta nemi sarkin ya fito ya ƙaryata shi yadda take so, ya ƙi. Aka yanke masa albashi, aka janye amincewa da shi, a 1925 kuma aka kwashe shi zuwa Oyo da dokar korar sarakunan da aka tuɓe.

Lauyoyinsa suka yi ta neman umarnin a-kawo-shi a Legas, alƙalai na cewa wannan aikin gwamna ne, ba hurumin kotu ba. Sau biyu maganar na zuwa Landan, gaban kwamitin shari'a na majalisar Sarkin Ingila, wanda shi ne kotun ƙarshe ga ƙasashen mulkin mallaka. A 1928 kwamitin ya ce dole alƙali ya saurari ƙarar. A 1931 Mai Shari'a Atkin ya faɗi ƙa'idar da har gobe lauyoyinmu ke kafa hujja da ita: jami'in gwamnati ba shi da ikon taɓa 'yanci ko dukiyar mutum sai in zai iya tsayawa gaban kotu ya nuna halaccin abin da ya yi. Ya ce kotu ce za ta bincika ko an ma tuɓe sarkin bisa al'adar garin, tunda sai da wannan sharaɗi gwamna ke da ikon korarsa. A shekarar ne sabon gwamna, Donald Cameron, ya bari Eleko ya koma gida, mutanen Legas suka yi dafifi suka tarye shi. Ya rasu a 1932.

Eleko dai sarki ne, yana da lauyoyi da jama'ar da za su tara kuɗin zuwa Landan. A nan Arewa, talakan da 'yan doka suka kama aka jefa gidan yarin En'e ba shi da wannan gata. Ba a barin lauya ya tsaya a kotun alƙali, babbar kotu kuma tana nesa. 'Yan NEPU, irin su Hajiya Gambo Sawaba, sun sha shiga da fita kurkuku a shekarun 1950. Koken ƙananan ƙabilu ya sa aka kafa kwamitin Willink, wanda a rahotonsa na 1958 ya ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki. Da wannan babi muka karɓi 'yancin kai a 1960.

ZAMANIN SOJA

Soja sun zo da dabara ta uku: a rubuta cikin dokar kanta cewa kotu ba ta da hurumin tambaya. Lokacin yaƙin basasa, Dokar Soja ta 24 ta 1967 ta ba shugaban 'yan sanda da babban hafsan soja ikon tsare mutum ba shari'a. A wannan yanayi ne aka kama Wole Soyinka a 1967, aka riƙe shi har 1969, mafi yawan lokacin shi kaɗai a ɗaki a kurkukun Kaduna, ba a taɓa kai shi gaban alƙali ba. Duk da haka an samu alƙalai masu ƙarfin hali. A 1969 Mai Shari'a Akinola Aguda ya sallami wani lauyan Ibadan, Mojeed Agbaje, don takardar tsare shi ba ta cika sharuɗɗan dokar sojan kanta ba.

Da farar hula suka dawo, sai ga dabara ta biyu ta ɓullo a Borno. A Janairun 1980 jami'an shige-da-fice suka ɗauke Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar dokokin jihar kuma ɗan jam'iyyar GNPP, suka tsallaka da shi Chadi, wai ba ɗan Najeriya ba ne. Aka kai ƙara Babbar Kotun Maiduguri bisa babin haƙƙin ɗan Adam na tsarin mulkin 1979. Kotu ta ce ɗan ƙasa ne, korar haramtacciya ce, ta kuma yanka wa gwamnatin tarayya diyya.

Sai Dokar Soja ta 2 ta 1984, zamanin Janar Buhari. Ta ba babban hafsan hedikwatar mulki, Tunde Idiagbon, ikon tsare duk wanda ake ganin barazana ne ga tsaro ko tattalin arziki har wata uku, ana kuma iya sabuntawa, ta rufe ƙofar kotu. Hausawa na cewa in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Bayan juyin mulkin Agustan 1985, su biyun aka tsare su fiye da shekara uku ba shari'a. Amma dokar ba ta mutu ba. Babangida ya gaje ta, Abacha ya gaje ta, har a 1994 ya ƙara mata da Doka ta 14 wadda ta hana kotu ba da umarnin a-kawo-shi ga duk wanda aka tsare a ƙarƙashinta. Sai a Mayun 1999, ana gab da miƙa mulki, Janar Abdulsalami ya soke Doka ta 2. Ta yi shekara 15 tana aiki, a hannun shugabannin soja huɗu.

BA MU KAƊAI BA NE

A Indiya, lokacin dokar ta-ɓacin Indira Gandhi, Kotun Ƙoli ta yanke a 1976 cewa tsararre ba shi da damar neman umarnin a-kawo-shi muddin dokar na aiki. Alƙalai huɗu suka amince, ɗaya ya ƙi, H. R. Khanna. Da lokacin naɗa babban alƙali ya yi aka tsallake shi, ya ajiye aiki. A 2017 kotun ta dawo ta ce shi ne mai gaskiya, kuma cikin alƙalan da suka rubuta haka har da D. Y. Chandrachud, ɗan ɗaya daga cikin huɗun nan.

Amurka kuwa ta maimaita dabarar tsibiri. A Janairun 2002 ta buɗe sansanin Gwantanamo a Kyuba, da hujjar cewa ba ƙasar Amurka ba ce, don haka kotunanta ba su da iko a can. A 2008 Kotun Ƙoli, da ƙuri'a 5 da 4, ta ce tsararrun na da haƙƙin neman umarnin. Mai ƙarar, Lakhdar Boumediene, haifaffen Aljeriya da aka kamo daga Bosniya, da aka kawo maganarsa gaban alƙali sai hujjar gwamnati ta kasa tsayawa. An sake shi zuwa Faransa a 2009, bayan fiye da shekara 7.

Akwai dabara ta huɗu, wadda ta fi sauran sauƙi: kotu ta ba da umarni, a yi kunnen uwar shegu da shi. A 1861, farkon yaƙin basasar Amurka, Babban Alƙali Taney ya umarci soja su kawo wani John Merryman, kwamandan ya ƙi, gwamnatin Lincoln ta mara masa baya. Mu ma mun gani. Kanar Sambo Dasuki ya zauna a tsare daga 2015 zuwa Disambar 2019, duk da belin da kotuna suka ba shi da hukuncin kotun ECOWAS na 2016. A Disambar 2016 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce a saki Sheikh Ibrahim Zakzaky da matarsa cikin kwana 45, ba su fita ba sai 2021 da kotun Kaduna ta sallame su. Ko muna son waɗannan mutane ko ba ma son su, tambayar ɗaya ce da ta 1627: maganar alƙali ce ta ƙarshe, ko ta mai riƙe da makulli?

ABIN DA KE HANNUNMU YAU

Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 jikan dokar 1679 ne, shi ma da lissafi yake magana. Wanda aka kama yana da damar yin shiru har sai ya ga lauya ko wani da ya zaɓa. Cikin awa 24 a sanar da shi dalilin kamun a rubuce, da harshen da yake ji. A kai shi kotu cikin kwana 1 idan akwai kotu mai hurumi a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana 2 ko abin da kotu ta ga ya dace. An keɓe wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne daga wannan wa'adi. Wanda aka tsare ba bisa doka ba kuma yana da haƙƙin diyya da neman gafara a bainar jama'a. Sashe na 46 ya ba da damar kai ƙara Babbar Kotu, ƙa'idojin 2009 kuma sun yarda wani ya shigar a madadin wanda ke kulle.

Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi suka yi irin tasu, ta hana kama mutum a madadin ɗan'uwansa, ta hana kama shi a kan rigimar bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, ta kuma wajabta wa majistare ya riƙa zagaya caji ofis duk wata yana duba waɗanda ke sel.

Wannan a takarda ke nan. A zahiri, kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarinmu jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Mafi yawansu ba sarakuna ba ne, ba malamai masu mabiya ba ne. Wani rigimar gona ce ta kai shi, wani kamen sintirin dare, wani bashin da bai kai kuɗin lauya ba. Ba wata dokar soja da ta rufe musu ƙofar kotu. Fayil ne ya maƙale, ko iyalansu sun ɗauka abin da ya rage sai roƙo da neman alfarma.

Idan muka waiwaya, duk inda takardar nan ta yi aiki akwai wanda ke waje da ya tashi ya tambaya. Somerset na ɗaure cikin jirgi mutum uku suka je wurin Mansfield. Eleko na Oyo mutanensa suka yi shekara shida suna bin kotu. Shugaba na Chadi aka shigar da ƙararsa a Maiduguri. Don haka ranar da aka ɗauke wani namu, Allah ya kiyaye, mu san tambayoyin da doka ta ba mu ikon yi: ina yake, wace tuhuma ake masa, yaushe za a kai shi kotu? Mu rubuta rana da lokacin da aka kama shi da sunan ofishin. In wa'adi ya wuce, a nemi lauya, in babu hali a tuntuɓi hukumar ba da tallafin shari'a kyauta ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Lauyoyin da ke cikinmu, muna jiran ƙarin haske daga gare ku, musamman kan yadda abin ke gudana a kotunan jihohinku. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.